Keken Malam da Ƙarfen Yaya

Ranar da Malam ya cika mako goma da yi masa aikin zuciya, likita ya duba ɗinkin ƙirjinsa, ya saurari numfashinsa, sannan ya juyo wajen matar Malam, domin ya riga ya gane ita ce mai riƙe magana a gidan. Ya ce lokaci ya yi da Malam zai fara motsa jiki. Doguwar tafiyar ƙasa ba za ta yi masa ba saboda gwiwarsa ta hagu da ta daɗe tana damunsa, don haka keke ya fi, sau uku a mako, a shimfiɗaɗɗiyar hanya wadda babu hawa babu gangara. Sharaɗi ɗaya ya maimaita har sau biyu: kada Malam ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, ko da jikansa ne ya miƙo masa hannu.

Matar, wadda kowa ke kira Auta duk da ta haura hamsin, ta rubuta wannan a bayan takardar magani. Shekararta goma sha tara tana aiki a shagon tabarau, tana auna idon mutane da ɗan ma'auninta na roba, kuma aikin ya koya mata cewa kuskure ƙanƙani shi ke hana mutum barci da ciwon kai. Tun kafin su fito daga asibiti ta fara tunanin inda za a sami hanyar da likita ke so. Layinsu gangara ne tun daga ƙofar gida har babban titi, babban titin kuma na manyan motoci ne masu dakon siminti. Wuri ɗaya ta sani, hanyar da ta zagaye tafkin bayan gari, wadda aka hana motoci bi. Zuwa can kuwa tafiyar minti ashirin da biyar ce a mota.

Keken Malam baƙi ne, tsohon yayi, mai kwando a gaba da murfin sarƙa. Shekara ashirin da biyu yana zuwa makaranta da shi yana koyar da lissafi. 'Yarsu da ke aure a nesa ta bugo waya ta ce za ta aiko masa da sabo marar nauyi, Malam ya yi godiya, ya ce tunda an canza masa jijiyoyin zuciya bai ce komai ba, to a bar masa kekensa. Daga nan aka bar maganar.

Washegari Auta ta gwada sa keken a cikin motarsu. Ƙaramar mota ce da suka saya a hannun wani, kuma ita kaɗai ke tuƙa ta tun da Malam ya kwanta. Ta kwantar da kujerun baya, ta tura tayar baya, tayar gaba ta ƙi shiga. Feda ya yage rufin ƙofa, baƙin man sarƙa ya shafe kujera. Malam na tsaye a gefe, ya goye hannayensa a baya kamar yadda ta umarce shi, yana ta ba da shawara irin ta malamin aji. Da keken ya karkata zai faɗi, sai ya manta ya miƙa hannu. Ba ta san lokacin da ta doke hannun ba. Suka tsaya suna kallon juna, shi yana murmushin kunya, ita kuwa a idonta har ta ga ɗinkin ya buɗe.

Da rana ta ɗauko sikelin banɗaki, ta hau ita kaɗai, sannan ta hau rungume da keken. Malam ya ɗebe wannan daga wancan, ya ce kilo ashirin da ɗaya, kuma ya yi mata alkawarin lambar farko ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba. Ta yi dariya, amma kafaɗarta ta kwana tana tuna mata nauyin.

Kwana uku ta yi tana duba waya a wurin aiki duk lokacin da babu mai saye. Ta ga kariya iri-iri, wato ƙarfen ɗaukar keke a mota. Akwai ta saman rufi, wadda ta wuce ko kallo na biyu ba ta yi mata ba, tunda ita ko goge rufin motar sai ta taka kujera. Akwai wadda ake ɗaurewa a murfin but da igiyoyi, sai dai ta ci karo da bidiyon wata da igiyarta ta tsinke a babban titi, keke ya yi tsalle ya faɗa gaban motar da ke biye. Sau huɗu ta kalla. Iri na uku shi ne wanda ake zurawa a bakin ƙarfen jan tirela. Da aka tashi aiki ta durƙusa a bayan motarsu ta leƙa ƙarƙashin bamba, sai ga bakin ƙarfen nan mai kusurwa huɗu, ya yi tsatsa, wanda tsohon mai motar ke jan ƙaramar tirela da shi. Shekara uku tana wuce shi ba ta san amfaninsa ba. Ta zaro ma'aunin tabarau daga jaka ta auna faɗin ramin, ta rubuta.

Mai shagon kekuna da ta je wurinsa dogo ne siriri, Dogo ma ake kiransa, mutum ne marar yawan magana. Da ya ga lambar da ta rubuto ya ce ramin motarta ƙarami ne, saboda haka yawancin kariyar da ke rataye a bango ba nata ba ne. Ya sauko mata da biyu. Ta farko sandar ƙarfe ce mai hannu biyu a sama, a nan ake rataye keke ta tsakiyarsa. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada. Ta biyu shimfiɗa ce a ƙasa-ƙasa, mai kwari biyu da tayoyi ke zama, da maƙali mai danne keken daga sama. Ya tambaye ta wa zai riƙa ɗora keken, ta ce ita. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya shiga ciki ya turo wani tsohon keke mai kusan nauyin na Malam, ya ce ta gwada.

Ta kama keken ta ɗaga zuwa ta ratayewar. Sai ta kai shi daidai ƙirji kafin ya hau, ita kuwa a ƙugu ƙarfinta ya ƙare. Ta yunƙura na biyu, feda ya bugi ƙwaurinta, ta sauke shi da sauri. A kan shimfiɗar kuwa Dogo ya nuna mata yadda za ta ɗaga tayar gaba kawai ta ɗora, sannan ta ɗaga ta baya. Ya hau ba wahala. Har ta buɗe baki za ta ce a naɗe mata, sai Dogo ya ce akwai saura. Shimfiɗar ita kanta tana da nauyi, ga nauyin keke a kai, kuma duka a kan wancan tsohon ƙarfen za su zauna. Kowane ƙarfen ja yana da iyakar abin da zai ɗauka, a rubuce yake a jikin ɗan farantin da ke maƙale da shi. Ya fita ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya haska, ya fito yana karkaɗe riga. Tsatsa da busasshen laka sun cinye rubutun.

"Ba zan ce miki zai ɗauka ba, tunda ban gani ba," in ji shi. "A nemi mai aikin ƙarfe ya kankare, a karanta. Sannan ki dawo."

Ta koma gida hannu rabbana, zuciyarta cike da lambobi. Mai aikin ƙarfe kuwa ba sai ta nema ba, domin yayanta mai walda ne, shekararsa arba'in a sana'ar. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara da mahaifinsu ya rasu, shi ya kai ta makaranta a bayan kekensa, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta. Abin da ya hana ta kiransa shi ne ta san halinsa.

Ba ta kira ba, amma ranar Asabar ya zo duba suruki. Suna zaune a falo ana shan shayi, Malam da bakinsa ya ba da labarin komai, har da Dogo da shimfiɗarsa. Auta na daga kicin tana jin maganar tana fita kamar ruwan da ya ɓalle, ba damar tarewa. Yaya ya ajiye kofi, ya kira ta.

"Auta, ina raye za ki je ki sayi ƙarfe a kwali?"

Ta ce ba haka ba ne, rubutun farantin kawai take so a kankare mata. Ya ce wane rubutu, ƙarfe ai a ido ake ganinsa. Ya fita ya zagaya motar, ya zura yatsa biyu a ramin, ya girgiza bamba da gwiwa. Ta miƙo masa tef ɗin awo, ya ce ta mayar, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ce ta ba shi kwana uku.

Ranar Talata da la'asar ya iso da kariyar da ya ƙera a bayan motar kaya, shi da wani abokin aikinsa suka sauke suna nishi. Da bututun ƙarfe mai kauri ya haɗa ta, irin wanda yake ƙofar gida da shi, ya shafe ta da shuɗin fenti wanda bai gama bushewa ba. Hannayen ratayewarta sun kai kafaɗar Auta. Ya yi ta mai ɗaukar keke uku, wai ko jikoki za su zo hutu. A tsakiya ya lanƙwasa siririn rodi ya rubuta AUTA da manyan baƙaƙe. Da ta ga sunan sai idonta ya cika, kuma a lokaci guda gabanta ya faɗi.

Gindin bututun ya fi ramin kauri, don haka Yaya ya gurje shi a nan ƙofar gida har ya shiga, sai kuma ya zamana ya yi sako-sako. Ya dunƙule wani guntun ƙarfe ya buga a gefe da guduma, ya zura dogon noti ya ɗaure. Ya ɗauki keken Malam da hannu ɗaya ya rataye, ya ɗaure shi da igiyar roba, ya ja baya yana goge hannu. Ya ce ko giwa aka rataya a nan sai dai motar ta gaji. Malam, wanda bai taɓa iya musu da yayan matarsa ba, ya yi ta godiya da sa albarka. Auta ma ta yi godiya. Tana godiyar tana kallon yadda bututun da keken suka rufe lambar mota da fitilar birki ta dama, da yadda bayan motar ya ɗan zauna ƙasa.

Da sassafe, kafin ta tafi aiki, ta ce wa Malam za ta zagaya ta ji yadda motar take. Keken na nan a rataye tun jiya. Ta sauka gangarar layinsu a giya ta ɗaya, idonta rabi a hanya rabi a madubi. Ba ta ganin komai a baya sai kwandon keke da sirdi suna lilo. Kowane ɗan rami ta taka sai ta ji ƙwas daga ƙarƙashi, ƙarar ta bi ta kujera ta shiga bayanta. Ta kashe rediyo don ta ji da kyau, da ta ji da kyau kuma ta yi da-na-sanin kashewa.

A gaban makarantar firamare akwai tudun rage gudu. Ta taka birki a hankali, ta hau. Tayoyin baya na sauka ta ji wata ƙara mai nauyi, gindin ƙarfen ya daki kwalta, keken ya karkata gefe guda a madubi. Ta danne birki gaba ɗaya. Nan take ta ji kukan taya a bayanta, wani mai babur ya goce ta gefenta da ƙyar, ɗauke da wata mata mai goyo. Ya tsaya a gaba, ya waiwayo, ya ce mata ba ya ganin fitilarta ko kaɗan, saura ƙiris ya shige ƙarƙashin wannan abin da ta jawo. Bai zage ta ba, ya ma ce Allah ya kiyaye gaba, ya ja babur ɗinsa. Matar ce ta bi ta da kallo har suka sha kwana, hannunta ɗaya a kan goyonta.

Auta ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ta fita ta zagaya bayan motar. Guntun ƙarfen da Yaya ya buga ya fice, kariyar tana motsi hagu da dama in an taɓa ta. Ta ce bari ta sauke keken ta tura shi gida da ƙafa. Ta kwance igiyar, ta tallabe shi daga ƙasa, ta yi ɗage. Ya zame daga hannun ƙarfen gaba ɗaya ya sauko mata a kafaɗa da damtse, ta yi baya ta zauna a ƙasa, keken a kanta. Mai gadin makarantar ne ya zo ya ɗaga shi, ya taimaka ya mayar, ya ƙara ɗaurewa. Ta koma gida kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Ba ta gaya wa Malam zancen mai babur ba. Ta ce dai ƙarfen yana motsi, kuma ba ta iya sauke keken. Malam ya ce to a haƙura da tafkin mana, zai riƙa zagaya tsakar gida, gwiwar za ta saba. Ko kuma a ce wa Yaya likita ne ya canza shawara. Ta san abin da yake gudu. Gaba kura ce baya sayaki: ko ta mayar wa Yaya alherinsa, ko ta bar mijinta zaune a kujera yana kumbura ƙafa. Kwana biyu tana zuwa aiki a motar haya, tasu tana ajiye da shuɗin ƙarfenta. A shago ta auna wa wani dattijo ido sau uku don ta kasa yarda da abin da ta rubuta. Yaya ya bugo waya sau biyu yana tambayar ko an je tafki, ta ce ana shiri. Damtsenta ya yi baƙi ya koma ruwan ganye.

Rana ta uku ta nemi izinin rabin yini, ta tuƙa motar a hankali zuwa garejin Yaya, keken a baya, fitilun gargaɗi a kunne. Ta same shi a durƙushe yana haɗa tagar wani gida, tartsatsi na tashi. Ya ɗage gilashin fuska ya gan ta, ya washe baki, ya sa aka kawo mata kujera. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, ta sake tambayar iyali. Ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta, shi ya raine ta, ya san gaisuwarta in ta yi tsawo.

Ta ce kariyar ce. Ta faɗi yadda ta daki ƙasa, da yadda guntun ƙarfen ya fice, da fitilar da ta rufe. Fuskarsa ta canza. Ya ce wannan duk gyara ne na minti goma, zai ɗaga gindin, ya like shi da walda a jikin motar ma gaba ɗaya, ya jawo wata fitila. Ya ce shekara arba'in ƙarfensa bai taɓa karyewa a hannun kowa ba, sai yau wani mai sayar da kaya a kwali zai koya wa ƙanwarsa raina aikinsa.

"Yaya, ƙarfenka ba zai karye ba, na sani," ta ce. "Ni ce zan karye. Tsaya ka gani."

Ta tashi ta je bayan motar, ta roƙe shi ya sauke keken, ya sauke. Ta naɗe hannun riga, ta kama keken ta ɗaga. Ya kai ƙugu ya tsaya. Ta cije leɓe ta ƙara yunƙurawa, tayar gaba ta juya ta bugi bamba. Ta sauke, ta sake kamawa. A na ukun ne Yaya ya riƙe sirdin ya ce ya isa. Idonsa na kan damtsenta.

"Wannan fa?"

"Shekaranjiya ne, da na zo sauke shi. In na kasa, Malam ba zai iya tsayawa yana kallo ba. Zai sa hannu. Ka san shi."

Yaya ya jingina keken da bango, ya ɗauko sifana ya kwanta a ƙarƙashin motar don ya kwance notin. Ta ji ya kwance, ta ga kariyar ta saki, abokin aikinsa ya zo suka janye ta gefe. Amma Yaya bai fito ba. Ya ce a miƙo masa burushin ƙarfe da tocila. Ta daɗe tana jin ƙarar kankara, tsatsa na zubowa a kan rigarsa. Can ƙarar ta tsaya, sai ta durƙusa ta leƙa.

Ya kankare farantin, rubutun ya fito: kilo arba'in da biyar. Sannan ya haska mata inda ƙarfen jan ya kama jikin motar. Noti huɗu ya kamata su riƙe shi. Ɗaya babu shi sam, ɗaya kuma tsatsa ta ci rabinsa, ya lanƙwashe sabuwar lanƙwasa mai sheƙi. Ya fito ya zauna a ƙasa, ya dubi shuɗiyar kariyar da ke kwance. Ba sai an ɗora ta a sikeli ba, shi da ya haɗa ta ya san ita kaɗai ta kusa cinye lambar, balle an ƙara keke.

Bai ce ya yi kuskure ba, ita ma ba ta jira ya ce ba. Ya aika aka sayo sababbin noti huɗu masu ƙarfi, ya cire tsofaffin, ya goge wurin, ya ɗaure kowanne yana nishi, ya bi da man hana tsatsa. Awa biyu ya yi a ƙarƙashin motar, ita tana zaune tana miƙa masa abin da ya nema kamar lokacin da take yarinya. Da ya gama ya yagi kwali ya rubuta lambar da alli, ya ba ta. Ta ce ko zai raka ta wurin Dogo ya duba mata. Ya ce shi yana da tagar mutane da zai gama, ta bar keken a nan zai sa a kai mata gida. Ya sauke gilashin fuskarsa tun ba ta tada mota ba. A hanya ta yi kuka kaɗan, ta share kafin ta isa.

Dogo ya karanta kwalin, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce wanda ya ɗaure notin nan ya san aikinsa. Ya kawo mata shimfiɗa mai ɗaukar keke ɗaya tak, kilo goma sha biyu, ya ce da ita da keken Malam akwai sauran sarari mai yawa. Ta sa ya ɗora a sikelinsa ta gani da idonta. Ya zura ta a ramin, ya nuna mata sakatar da ke ratsawa ta riƙe, da makullinta, da wani noti da ake murɗawa har motsin ya mutu. Ta je baya ta tsaya, ta sa shi ya taka birki, ya kunna sigina hagu da dama, ta tabbatar ana ganin kowace fitila da lambar mota. Ta ɗora tsohon keken gwaji ta sauke har sau biyar. Ta tambaye shi in maƙalin ya saki fa, ya nuna mata ɗaurin tayoyi. In ɗaurin ya tsinke fa, ya ce sai ta tsaya ta sayi wani. Ta ce in sakatar ta fice fa. Dogo ya ce, Hajiya, a bar wa Allah wani abu mana.

Yaya ya yi mako biyu bai kira ba, abin da bai taɓa yi ba. Ranar da ya kira, lafiyar Malam ya tambaya, sannan ya ce ta riƙa leƙa notin nan duk ƙarshen wata, ya kashe waya.

Amma tun kafin wannan, ranar Lahadi da safe, suka tafi tafki. Ta ɗora keken ita kaɗai, Malam na tsaye hannu a baya. Ta girgiza shi, ta zagaya, ta sake girgizawa. A hanya sau biyu ta tsaya ta fita ta taɓa sakatar. Da suka isa ta sauke keken, ta duba iskar taya, ta sa masa waya a aljihun gaba da kwalbar ruwa a kwando. Suka yi yarjejeniya zai je wajen itatuwan can ya juyo, minti biyar zuwa, biyar dawowa.

Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau. Keken ya yi tangal-tangal, ta bi shi da sauri hannu a miƙe, sai ya daidaita ya tafi. Ta ga bayansa ya rame a cikin rigar, wuyansa ya yi siriri. Ya yi ta ƙanƙancewa har itatuwan suka rufe shi. Ta dubi agogo. Minti goma suka cika babu shi. A sha biyu ta kira wayarsa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. A sha huɗu ta kulle mota ta fara tafiya, tafiyar ta koma sassarfa, takalminta ɗaya na cizon dunduniya, tana ta karanto lambar wayar motar asibiti a ranta.

Ta same shi a bayan itatuwan, zaune a kan benci, keken jingine a gefe. Yana numfashi sama-sama amma idonsa garau. Ya ce babu ciwo a ƙirji, ƙafafun ne suka ce ba su san zancen ba. Wayar kuwa ya ji ta, kunya ce ta hana shi ɗauka ya ce ya gaza a minti huɗu. Ta zauna kusa da shi, ta kama wuyan hannunsa tana ƙirga bugun da agogo kamar yadda nas ta koya mata. Ta ƙirga sau biyu. Sannan ta saki, ta karɓi kwalbar ruwansa ta shanye rabi.

"Jibi zan yi shida," in ji Malam.

"Biyar," ta ce. "Kuma in na kira ka ɗauka."

Ita ta turo keken suka dawo a ƙasa, a hankali, suna tsayawa saboda gwiwarsa. A mota barci ya ɗauke shi tun ba su hau babban titi ba, kansa a jikin gilashi, bakinsa a ɗan buɗe. Ta rage gudu ta koma layin gefe, manyan motoci suna wuce ta suna hon, ta bar su suka yi ta wucewa har ta kai kwanar gida.